Furosesa Ɗaya, Zafi Iri Huɗu

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san watan Disamba ba ya barin mutum ya sarara: kamu yau, ɗaurin aure gobe, walima jibi, kowa kuma so yake a miƙa masa nasa kafin amarya ta gama zaman lalle a bakin mutane. Yankan hotuna da jera su ba ya damuna. Abin da ke cinye mini lokaci shi ne zaman jiran kwamfuta ta gama fitar da bidiyon, jiran kuma da wuta ake yin sa. In an ɗauke, mai ne ke ƙonewa a janareta ina ji ina gani. Wannan ya sa a hunturun bara na yanke shawarar ƙara wa furosesata, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, abin da 'yan kwamfuta ke kira obakulok.

Furosesar Ryzen 7 1700X ce ta kamfanin AMD, wadda ta fito a watan Maris na 2017. Ta hannu na saye ta tare da madabod, wato babban allon da ake dasa furosesa a kai, samfurin B350, wanda yake yarda a taɓa gudun, saɓanin A320 da ba ya yarda. Ƙwayoyin aikinta takwas ne, gudunta na tushe gigahaz 3.4. Na ɗora mata dogon ƙarfen sanyaya mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka mai faɗin milimita 120.

Ƙarin gudun kansa bai ba ni wahala ba. A BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta buɗe, akwai lambar ninki da ake bugawa da megahaz 100, wato in ka sa 36 ka sami 3.6. Na riƙa hawa mataki-mataki, in ƙara, in shiga Windows, in saki manhajar gwaji mai suna Prime95 ta gasa furosesar da aiki na ɗan lokaci, in koma. A 3.8 ta fara tuntuɓe, na ƙara mata wuta kaɗan ta daidaita. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na kai 39, wato gigahaz 3.9, wutar kuma na tsayar da ita a bolt 1.375. Ta yi rabin awa tana aiki ba ta kife ba. Sai na buɗe manhajojin duba zafi gaba ɗaya, don in ga inda nake.

Wata tsohuwar manhaja da na daɗe ina amfani da ita ta ce digiri 83. Ryzen Master, wadda AMD da kansu suka yi, ta ce 63. Manhajar da ta zo da madabod ta rubuta CPU, a gabansa 49. Can ƙasa kuma a jerin tsohuwar manhajar akwai wani layi da ya tsaya cak a kan 127. Na sake kunna kwamfutar na shiga BIOS, inda ba aikin komai ake yi ba, na bar ta ta huta kamar minti goma, nan ma aka nuna mini 58.

Da farko tsoro ne ya kama ni. Kuɗin da na tara na wata da watanni ne a cikin akwatin nan, ga bidiyon mutane uku ban ba su ba. Amma tsoron bai daɗe ba wani abu da ya fi shi haɗari ya maye gurbinsa. Na fara ce wa kaina ai masu madabod su suka san kayansu, tunda su suka ƙera wurin da furosesar ke zaune, to 49 ita ce gaskiya. In kuwa 49 ce, ina da sauran fili mai yawa, zan iya kai ta 4.0 har ma in wuce. Na rubuta 1.425 a gurbin wuta, yatsana yana kan F10 da ake dannawa a adana. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tambayi kaina dalilin da ya sa na zaɓi wannan lambar daga cikin huɗun, na ga ba ni da wata hujja sai cewa ita ce ta ba ni izinin abin da raina yake so. Na fita ban adana ba, na kashe kwamfutar, na kira Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gyaran rediyo da talabijin yake yi a Sabon Gari tun kafin a haife ni. Bai taɓa haɗa kwamfuta ba, amma rayuwarsa duk a kan kayan da zafi ke kashewa ya yi ta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kada ka sake kunna ta yau. Bar ta ta kwana a kashe, kuma da safe kada ka taɓa ta sai na zo."

Bayan gari ya waye ya iso a kan babur ɗinsa, ya naɗe kai da rawani saboda buji, da mitarsa a aljihun jamfa. Mitar tana da wata siririyar waya mai ɗan dunƙule a baki kamar ƙwayar gero, da ita ake auna zafi. Abin da ya fara aunawa ya ba ni mamaki, domin ko kallon kwamfutar bai yi ba. Ya riƙe wayar a iska a tsakiyar shagon har lambar ta tsaya.

"Ashirin da ɗaya. Rubuta, ɗana. Jiya nawa ɗakin yake?"

"Kawu, ban auna ba."

"To duk lissafin da ka yi jiya ba shi da gindi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin nan take ɗiba ta hura. Daga nan ake fara ƙirga."

Muka cire murfin gefe, ya cusa bakin wayar a gindin ƙarfen sanyaya, daidai inda bututun jan ƙarfen suka haɗu, ya liƙe ta da salatif. Nan ma 21, tunda komai ya kwana a sanyi ɗaya. Sannan ya ce in kunna. Da Windows ta buɗe, na madabod ya nuna 23, wayar Kawu 22, Ryzen Master 29, tsohuwar manhajar kuwa 49. Kawu ya sa bayan yatsarsa a jikin bututun ya girgiza kai. Ya ce ƙarfen da ya kwana cikin sanyin nan, aka kunna shi minti ɗaya ba ya ɗauke da kaya, ba zai kai 49 ba. Ya ce in ja layi huɗu a takarda in riƙa rubuta su a jere duk bayan ɗan lokaci, in saki manhajar gashin.

Ina dannawa, kafin in ɗaga biro, 29 ta zama 52, 49 kuma ta zama 72. Na madabod bai motsa ba. Sai da aka yi kusan rabin minti ya fara rarrafe, 25, 28, 31, wayar Kawu tana biye da shi a hankali. Bayan rabin awa komai ya zauna: 83, 63, 49, wayar kuma 43. Kawu ya karɓi takardar ya ɗora gilashinsa a kan hanci, ya bi layuka biyun farko da farce daga sama har ƙasa.

"Duba nan. 29 da 49. 52 da 72. 63 da 83. Ko sau ɗaya ratar ba ta canja ba. Ma'auni biyu da ke wuri daban ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa haka, dole wani ya riga wani. Wannan abu ɗaya ne, wani ya ɗora masa ashirin."

Da na bincika na tarar haka abin yake, kuma AMD sun yi bayaninsa tun a watan da furosesar ta fito. Lambar da furosesar ke miƙa wa madabod sunanta Tctl, wato zafin da ake sarrafa fanka da shi. A kan 1700X da 1800X, haka ma 1600X, da gangan aka ƙara wa Tctl digiri 20 a kan ainihin zafin da aka auno a cikin furosesar, domin tsarin juyawar fanka ya zama iri ɗaya a kan dukkan furosesoshin soket ɗin AM4, wato mazauninsu a kan madabod, masu cin wuta da yawa su sa fanka ta tashi da wuri. Ita 1700 marar X ba ta da wannan ƙarin. A kan 2700X da ta biyo baya ƙarin 10 ne, a kan Threadripper na farko kuma 27. Ainihin zafin, bayan an cire ƙarin, shi ake kira Tdie. Tsohuwar manhajata Tctl take karantowa ta rubuta yadda ta same ta, Ryzen Master kuma ta riga ta cire ashirin ɗin. Na sauko da wata manhajar duba zafi mai suna HWiNFO, sai ga layukan biyu ɗaya a kan ɗaya, kowanne da sunansa, ratar ashirin cif a tsakaninsu.

Saura 49, wadda na kusa jingina dukiyata a kanta. Kawu ya ce in tsayar da gashin mu gani. Ina tsayarwa Tdie ta faɗo daga 63 zuwa arba'in da 'yan kai cikin daƙiƙu kaɗan, na madabod kuwa ya tsaya a 49 kamar bai ji labari ba, sannan ya fara sauka ɗaya-ɗaya. Har akwai lokacin da ya fi Tdie yawa. Kawu ya ce, "Ka san malmalar tuwo. Ka taɓa bayanta ka ji ta huce, ka luma yatsa ciki ta ƙona ka. Wanda ya taɓa kwanon kuma wani labarin zai ba ka. Duk cikinsu babu maƙaryaci, wurin taɓawa ne ya bambanta."

Wannan ita ce maganar da ta warware mini komai, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Zafin yana tasowa ne daga ɗan yankin silikon da bai kai faɗin babban farce biyu ba, inda ma'aunan cikin furosesar suke. Daga nan ya ratsa dalmar da aka liƙe shi da ita zuwa murfin ƙarfen da ido ke gani, ya ratsa man nan mai ruwan toka da ake shafawa, ya shiga gindin ƙarfen sanyaya, ya hau bututu zuwa faifan alminiyon, fanka ta kore shi cikin iskar ɗaki. A kowane mataki lambar tana raguwa, kuma dole ta ragu, domin zafi ba ya tafiya sai daga wuri mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba. A safiyar nan tsanin ya tsaya a gabana a kan takarda: 63 a ciki, 43 a gindin ƙarfe, 21 a iska. Madabod kuma iri-iri ne. Wasu suna karɓar lambar daga bakin furosesar kai tsaye, wasu suna da nasu ɗan ma'aunin a wajen soket, wanda wani ƙaramin guntu a kan allon ke karantawa tare da gudun fankoki. Nawa irin na biyun ne a cikin manhajarsa, shi ya sa yake jinkiri, shi ya sa kuma yake ƙasa. Zafin unguwar yake faɗa mini, ni kuma na ɗauka na cikin gidan ne. Da na bi shi na ƙara wuta har ya nuna saba'in, da cikin furosesar ya yi nisa ƙwarai.

Sauran biyun ba su ɗauki lokaci ba. 58 na BIOS Tctl ce, wato 38 ke nan, kuma ta ɗan fi ta zaman banza a Windows ne saboda a BIOS furosesa ba ta shiga yanayin gyangyaɗin da ke rage mata cin wuta. 127 kuwa ƙafa ce a jikin guntun nan da ba a haɗa ta da komai ba, manhaja ta karanto ta ta rubuta. Alamarta ita ce ko ana aiki ko ba a yi ba ta motsi. Na kuma daina buɗe manhajoji uku a lokaci guda, domin in suka yi rububin tambayar guntu ɗaya wani lokaci sukan kawo lambar da babu ita.

Wani abokin sana'ata a Samaru mai amfani da Intel ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba. Nasu ma yana da tasa hanyar. Ma'aunin cikin furosesar Intel ba ya faɗin zafi kai tsaye, nisan da ya rage kafin a kai iyaka yake faɗa, iyakar da suke kira TjMax, wadda a yawancinsu digiri 100 ce. Manhaja ce ke yin ragin. A zamanin furosesoshinsu na Core 2 manhajoji sun sha bamban a kan ko iyakar 85 ce ko 100, sai ka ga furosesa ɗaya da lambobi biyu masu ratar 15.

Da na gane inda kowace lamba ta fito, sai na tsayar da ƙa'ida. AMD sun rubuta digiri 95 a matsayin iyakar wannan furosesa. Ni na zaɓi in ɗora iyakar a kan lambar da ta fi girma, Tctl, tunda ita ce kayan ke aiki da ita. Hakan ya mayar da bangona 75 a Tdie, na kuma ce ba zan bar aikin yau da kullum ya wuce 70 ba. Wani zai ce na cika tsoro. Wanda yake da kuɗin sayen wata gobe yana iya matsawa, ni da ita nake ci da iyali. Wutar ma na bar ta ƙasa da 1.4, na koma duba ta a layin SVI2 TFN na HWiNFO, wanda ke nuna abin da ke isa ga furosesar a zahiri, domin in kaya ya yi nauyi yakan sauka ƙasa da abin da aka rubuta a BIOS. A 3.9 na ƙarasa bukukuwan Disamba da Janairu lafiya, bidiyon da ke cin awa ɗaya ya dawo minti hamsin da 'yan kai.

Kafin Kawu ya hau babur ya sake nuna mini lambar farko da ya sa na rubuta. Ya ce, "Tsakanin 21 da 63 arba'in da biyu ne. Wannan ratar ita ce taka. Ɗakin kuma na Allah ne, zai canja." Na ce to, na gode, Allah ya ƙara girma. Amma da aiki ya yi daɗi sai maganar ta shige mini.

Bazara ce ta tuna mini. Wata rana a watan Afrilu, bayan azahar, kwano ya ɗauki rana, fankar sama tana juya iska mai ɗumi kamar daga bakin tanda. Ina fitar da bidiyon wata walima sai na ji kukan fankar kwamfutar ya canja, ya zama wani dogon gunji da ban saba ji ba. Na duba: Tdie 73 tana hawa, Tctl 93, alhali ba a fi minti goma da farawa ba. Na madabod yana 55 abinsa. Na tsayar da aikin da hannuna. Na aiki yaron shagona ya karɓo mitar Kawu, muka auna ɗakin, 35. In ka ɗora 42 a kai ka sami 77, wato ko babu wata matsala lissafin ya riga ya ƙetare bangon da na gina. Ga kuma matsalar: da na haska tocila tsakanin faifan alminiyon, ƙurar hunturu ta yi musu kafet ja-ja, har ba a ganin haske ta ɗaya gefen. Na sa wayar a jikin ɗan ƙarfen da ke rufe da kayan daidaita wuta a gefen soket, waɗanda ke mayar da bolt 12 zuwa ɗaya da ɗoriya, ta haura saba'in. Su ma suna shan wahalar ƙarin gudun, kuma babu ɗaya daga cikin lambobi huɗun da na yi ta fama da su da ke ba da labarinsu.

Na fitar da akwatin waje na bushe shi da bulowa, ina riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Na goge tsohon man na shafa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya. Na ɗaura wata ƙaramar fanka tana hura kayan daidaita wutar. Sannan na sauko da gudun zuwa 3.7, wutar kuma zuwa 1.25. A nan ne na ga amfanin rage wuta da idona, domin zafin da furosesa ke fitarwa yana bin gudu sau ɗaya ne amma yana bin ƙarfin wuta ninki biyu, wato bolt sau bolt. Ragin gudun wajen kashi 5 cikin ɗari ne, minti uku ke nan a aikin awa ɗaya, amma zafin da ake fitarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A ɗaki mai 35 ɗin nan, bayan awa ɗaya ana gashi, Tdie ta zauna a 67.

Yanzu saiti biyu na adana a BIOS, ɗaya na sa masa suna hunturu, ɗaya bazara. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi na bango na rataye shi kusa da inda akwatin ke shaƙar iska, in ya wuce 28 nakan koma saitin bazara ko da kalanda ta ce wani abu daban. Takardar da Kawu ya bi da farce tana manne a jikin murfin gefe, na ƙara mata layin Afrilu a ƙasa. Da damina ta sauka ɗakin ya dawo 26, na gwada 3.8 a bolt 1.3 ta yi awa biyu a 63, na rubuta shi a layi na uku.